Zongon Kwatano da Hanyar da Ta Haife Shi

Baƙon da ya sauka birnin Kwatano, a Jamhuriyar Binin, ya ce wa ɗan acaɓa mai rawayar riga ya kai shi Zongo, ba zai yi nisa da tashar jiragen ruwa ba sai ya hangi babban masallacin Juma'a na unguwar, ya ji ƙamshin tsire da balangu, ya ji ana ciniki da Hausa da Zabarmanci da Dendi da Yarabanci a lokaci guda, har in bai lura ba ya zaci wani yanki ne na Maraɗi aka ciro aka dasa a kan yashin bakin teku. Amma in ya nemi dattawan wurin su ba shi tarihi, ba gini za su nuna masa ba, sunayen garuruwa za su yi ta jero masa, wannan ya ce kakansa daga Gaya ya gangaro, wancan ya ce nasa sai da ya yi shekaru a Jugu ko Faraku kafin ya ga teku da idonsa, domin tarihin irin wannan unguwa a shimfiɗe yake bisa hanyar da ta kawo mutanenta, ita kuwa hanyar ta zarce kilomita 700 daga nan zuwa gaɓar kogin Kwara.

A zamanin nan wata al'ada ta shigo wa masu hali, su ɗauki mota su fita ba don fatauci ko zumunci ba, sai don su yi tafiya a natse, su tsaya inda dutse ya yi kyau ko inda ruwa ke zubowa daga tsauni, su sauka su taka cikin daji suna kallon itatuwa da tsuntsaye, wato abin da ake kira yawon buɗe ido. Ni dai ban ga aibin wannan ba, bal ma malamai sun daɗe suna kwaɗaitar da tafiya cikin ƙasa domin i'itibari da halittar Ubangiji. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, jinkirin nan da mutumin yau ke saye da kuɗinsa don nishaɗi, a kansa kakanninmu fatake suka gina sana'arsu da zangunansu, kuma ranar da gaggawa ta shigo cikin al'amarin, zangunan tsakiyar hanya suka rame, na bakin teku suka yi ƙiba, Zongon Kwatano kuwa yana cikin waɗanda suka ci gajiyar wannan juyi.

Tun asali hanyar fataken Hausa a wannan sashe goro ta nufa, shi kuwa goron da Bahaushe ke so a dazuzzukan Asante yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen tsakiyar ƙarni na 15, amma bunƙasarta ta haƙiƙa ba ta zo ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sa'ad da daular Sakkwato ta tattara kasuwanni masu yawa ƙarƙashin hukunci guda, dukiya ta yalwata, goro ya zama abin da ba a ɗaurin aure ko raɗin suna ko gaisuwar manya sai da shi. Ga shi kuma shari'a ta haramta giya, malamai da dama sun ƙyamaci taba, saboda haka goro ne ya rage wa mai son abin taunawa ba tare da wani ya zarge shi ba. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Sukan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da riguna da turkudi da jar fata da gabu, su haye Kwara ta Ilo ko ta Yawuri ko ta Busa, su ratsa ƙasar Borgu ta Kandi ko ta Nikki da Faraku, su sauka Jugu, daga nan su bi ta ƙasar Kotokoli zuwa Yandi har Salaga; zuwa da komowa kuwa yakan ci wata shida, wani lokaci ma shekara ta zagayo ba su ga gida ba. Mai karatu ya dubi taswira ya gani: wannan hanya a gicciye ta ratsa ƙasar da ake kira Binin a yau, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ba ta ko waiwayi inda Kwatano take ba.

Ayari kuwa gari ne mai tafiya, yana da sarautu da ƙa'idoji. Madugu shi ne mai yanke hukunci, shi ke gana wa da sarakunan hanya ya daidaita da su; jagaba yana gaba, shi ya san mashigin kowane rafi da mararrabar da ake ɓata; uban dawaki ke tara kuɗin fito da garama daga kowane falke gwargwadon yawan kayansa; malamin ayari ke riƙe da lissafi, shi ke zaɓen ranar tashi bayan istihara, shi ke jan salla, shi ke rubuta dukiyar wanda ajali ya riska a hanya don ta isa ga magada; ga kuma mai gangar madugu, wanda da kiɗansa ake sanin lokacin ɗaura kaya da lokacin saukewa. Da asuba ake tashi, a yi ta tafiya har rana ta fara zafi, kafin azahar an sauka, an kafa bukkoki, yara sun kora dabbobi kiwo, matan da ke cikin ayari sun ɗora tukwane suna sayar da abinci. Ragowar yinin ba zaman banza ba ne, musamman a kan hanyar komowa, domin goro kaya ne mai rai, sai an riƙa kwance huhu ana sake masa ganyen fita, ana yayyafa masa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama tun bai lalata sauran ba. Falken da ya matsa wa jakinsa don ya riga abokansa isa, jakin zai rasa. Wanda ya yi kasalar buɗe huhunsa, ƙwarya nawa ya saya a Salaga, rabinta zai ƙirga a Kano. Da aka ce tafiya sannu sannu kwana nesa, a wurin waɗannan mutane magana ce ta riba da hasara.

Daga wannan jinkiri ne wani irin ilimin ƙasa ya samu, wanda ba a rubuta shi a littafi ba amma ake gadonsa daga uba zuwa ɗa. Mutumin da ya taka hanya guda da ƙafarsa shekara ashirin ya san inda gawo da kuka ke ƙarewa kaɗanya da ɗorawa su karɓa, ya san rafin da ke riƙe ruwa har bazara da wanda ke ƙafewa tun cikin ɗari, ya san fadamar da tsando ke kashe jaki a cikinta, ya san dutsen da in an hange shi da hantsi za a kwana a gindinsa. Hatta ibadarsa hanya ce ke tsara ta, domin a mazhabar Imamu Malik matafiyin da ya nufi tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato mil 48, yana yin ƙasaru, ya mayar da mai raka'a huɗu biyu, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani wuri hukuncin safara ya yanke, sai ya cika. Saboda haka falke ya bambanta zango iri biyu tun a kan buzun sallarsa: akwai na kwana ɗaya wanda ake ƙasaru a cikinsa a wuce, akwai kuma na zama, inda ake cika salla, a huta da dabbobi, a sayar da kanwa, a ji labarin hanyar gaba, wani ma ya yi aure. Daga irin wannan na biyu garuruwa suka tsiro.

A duk ƙasar da ke tsakanin Kwara da Gwanja babu inda fatake suka fi tsoro kamar Borgu, babu kuma inda suka fi bukata kamarta. Sarakunanta na Nikki da Busa da sauran garuruwa, da 'ya'yan sarautarsu mahaya dawaki da ake kira Wasangari, sun ɗauki ayari a matsayin gonar da ake girbewa kowace shekara, in an biya su yi rakiya, in an yi gardama su yi kwanto. Baturen nan Kilafatan, wanda ya ratsa Borgu a 1826 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja da Asante, mutum sama da dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin adadinsu; yawan nan kuwa shi ne garkuwarsu. Sarakunan ba su musulunta ba a galibi, amma sun ba baƙi Musulmi unguwa tasu, da limaminsu da shugabansu, kowa ya san haddinsa. A Jugu unguwar baƙin, wadda ake kira Wangara, ta girma har ta shafe ainihin mazaunin sarki da suna, harshen Dendi kuwa, ɗan'uwan Zabarmanci, ya zama harshen kasuwa a can da Faraku da Kandi har wa yau. A irin waɗannan unguwanni ne aikin maigida ya kafu, mutumin da ke saukar da falke, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in aka ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Duk wanda ya san yadda ake saukar da mai shanu ko mai albasa a Kwatano yau, ya san cewa wannan tsari bai mutu ba.

Bakin teku kuwa a hannun Dahome yake tun daga zamanin Sarki Agaja, wanda ya ci Alada a 1724 ya ci Wida a 1727, kuma sarakunanta na Abome ba masu barin baƙo ya ratsa ƙasarsu ya je ya yi ciniki da Turawa kai tsaye ba ne. Duk da haka Musulmi sun riga sun isa, domin wani matuƙin jirgi Ba'ingile mai suna Sinelgireb, da ya je sansanin Agaja a 1727, ya ba da labarin ya ga waɗansu baƙi daga arewa masu rubutu da Larabci, sarki yana girmama su. Wurin da ake kashewa a kasuwannin Hausa, wanda wani Bature mai suna Barth ya tarar ana ba da 2,500 nasa a bakin riyal guda a Kano a 1851, daga tsibiran tekun Indiya jiragen Turawa ke kawo shi irin su Wida, ya bi hannu da hannu har ya hau arewa. Sai dai gaskiya ba ta da daɗin faɗi a nan: Hausawan farko da suka ga wannan teku da yawa, a ɗaure suka gan shi, domin yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da na zamanin jihadi sun zubo bayi masu yawa zuwa Wida da Fotonobo da Badagiri, aka loda su zuwa Bahiya ta Birazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, Musulmi kuma suka yi babban boren 1835, wanda bayansa aka komo da waɗansu gaɓar nan. Babban masallacin Fotonobo, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20 bisa fasalin gine-ginen Birazil, shaida ce ta zuriyar waɗanda suka komo.

Ita Kwatano a lokacin ƙauyen masunta ce a tsakanin tafkin Nokwe da teku, wadda ta fara samun suna a zamanin Sarki Gezo, wajen 1830. Faransawa sun ƙulla yarjejeniya a kanta a 1868, suka sabunta a 1878 a zamanin Sarki Gilele, a 1885 kuma suka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin da teku. Da Behanzin ya hau gadon ubansa ya ƙi yarda cewa an sallama garin, sai yaƙi ya ɓarke, dakarunsa maza da mata suka auka wa Kwatano a watan Maris na 1890. A 1892 Kanar Dodds na Faransa ya hau da runduna ya shiga Abome a watan Nuwamba, Behanzin ya miƙa wuya a farkon 1894, aka kai shi Matinik, ya rasu a Aljeriya a 1906. A cikin rundunar Faransa akwai ƙungiyar sojan da suke kira Hausawa, ko da yake ba dukansu ne Hausawan asali ba, kamar dai yadda Ingilishi suka yi a Ikko tun 1863. Tsofaffin soja irin waɗannan, da bayin da suka sami 'yanci, da mahauta, da malamai, su ne tubalin farko na yawancin zangunan gaɓar teku. A cikin waɗannan shekaru na yaƙi, tsakanin 1891 da 1893, Faransawa suka kafa doguwar gadar ƙarfe cikin teku, saboda igiyar ruwan wurin tana kifar da kwalekwale, kifayen nan masu cin mutane kuma suna jira. Da wannan gada Kwatano ta fara zama ƙofa.

A daidai wannan lokaci tsohuwar hanyar goro tana karyewa gaɓa gaɓa. Ingilishi sun ƙone Kumashi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya kwance. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga kanta, fatake da malamai suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya ƙare zamansa a Karaci. A 1894 Lugga na Ingila da wani hafsan Faransa mai suna Dekor suka yi tseren isa Nikki don neman hannun sarki, yarjejeniyar da gwamnatocinsu suka yi a 1898 ta tsaga Borgu gida biyu, Busa ga Ingila, Nikki ga Faransa, Jamus kuma tana riƙe da Togo. Ayarin da a da sarakunan gargajiya kaɗai yake biya, yanzu sai ya ƙetare iyakokin dauloli uku, kowace da kwastanta. Sa'an nan jirgin ruwa mai hayaƙi ya fara ɗaukar goro daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano a 1912, Yarabawa kuma suka shuka irin goron Gwanja a ƙasarsu, har Shagamu ta zama sabuwar Salaga. Wa zai ƙara kashe wata shida a bayan jaki? Madugai suka tsufa ba magada, 'ya'yansu suka bi jirgi zuwa kudu.

Faransawa kuwa, da yake bukatarsu ita ce su jawo amfanin ƙasa zuwa gadar Kwatano, sai suka juya wa hanya alƙibla, daga gicciye ta koma tsaye, kudu da arewa. Sun fara shimfiɗa dogo a 1900, ya kai Sabe kafin yaƙin duniya na farko, ya kai Faraku a shekarun 1930, tsawonsa kilomita 438, a nan kuma ya tsaya, ko da yake an yi ta alkawarin kai shi Kwara. A farkon shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Irondel, don gyaɗar ƙasar Maraɗi ta daina bi ta Kano da Ikko, a ɗauko ta a manyan motoci zuwa Faraku, jirgi ya gangara da ita, motocin kuma su koma da hajar Turai. An gina gada a kan Kwara tsakanin Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi a 1965. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa Zongo mutane, domin unguwar tana kusa da tasha da dogo, kuma duk ɗan arewan da ya sauko da kaya yana bukatar wurin da zai yi salla, ya ci tuwo, ya sami wanda zai tsaya masa. Shanu da tumaki suka riƙa gangarowa, musamman gab da Layya, albasar Galmi ta biyo ta kasuwar Malanbil, ma'adinin yuraniyom na Arlit ma ta nan ya riƙa fita; daga baya kuma aka shiga zamanin shinkafa da atamfa da gwanjo da tsofaffin motocin Turai, har a Kano da Katsina aka san mota 'yar Kwatano. Abin da Jugu ta rasa, Kwatano ta samu ninki.

To, wanda Allah ya hore wa mota da lokaci, ya so ya karanta wannan tarihi a kan ƙasa, shawarata ita ce ya bar Zongo bayan sallar asuba ya nufi arewa, kada kuma ya yi koyi da direbobin bas masu kai mutum Faraku cikin yini guda bai ga kome ba sai bayan kujerar gabansa. Tun bai yi nisa ba, a Kalabi, zai iya ajiye mota ya shiga kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da mutanen Tofinu suka kafa bisa turaku a tsakiyar tafki don tsere wa maharan Dahome. Daga nan hanya ta hau jar ƙasa mai kwakwar manja da gonakin abarba na Alada, sa'an nan ta gangara kwarin Lama, mai baƙar laka wadda a da take riƙe matafiya da damina, ta zama kamar ganuwa ga Abome ta kudu. A can akwai ragowar kurmi da aka keɓe, inda wani biri mai jan ciki ke zaune. Abin mamakin wannan gaɓa shi ne kurmin da ya taso daga yamma ya yanke a wajen Ankara bai sake haɗewa ba sai gabashin Binin, saboda haka Bahaushe ba ya jin duhun daji a nan kamar yadda yake ji a ƙasar Asante. A Bohikon zai tarar da daddawar ƙasar, wadda suke kira afitin, daga kalwar ɗorawa ake yin ta kamar tamu. Abome kuwa tana nan kusa ta yamma, da gidajen sarakunanta na jar ƙasa waɗanda Behanzin ya sa wa wuta kafin ya fita a 1892, aka gyara abin da ya saura, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1985.

Inda ya kamata ya kwana shi ne Dasa, garin da ake wa kirari da duwatsu 41. A nan ne ƙasa ke sauya fuska, manyan duwatsu masu sulɓi su taso daga fili, gidaje su maƙale a gindinsu, wanda kuwa ya hau ɗaya daga cikinsu da sassafe, kafin dutse ya ɗauki zafi, zai ga gonakin rogo da doya da yazawa sun miƙe har iyakar gani, ya gane dalilin da ya sa mutanen wurin suka riƙa gudu bisa tsauni duk sa'ad da rundunar Abome ta fito neman bayi. Kiristoci na zuwa ziyara wani kogo a gefen garin kowane watan Agusta. A Dasa ne kuma hanya ta rabu biyu: ta dama ta bi dogo ta haye kogin Weme zuwa Sabe, mai nata duwatsun, ta wuce zuwa Faraku, ta hagu ta bi ta Sabalu, garin garin rogo da bikin sabuwar doya, zuwa Jugu. Mai neman tarihi hagu zai bi, domin a Jugu ne zai taka ainihin tsohuwar hanyar goro inda ta gitta sabuwa, ya ga gari mai masallatai da makarantun allo, wanda jikokin masu saukar da ayari suka koma harkar motoci. Gaba kaɗan akwai ƙauyukan Taneka bisa duwatsu, sai tsaunukan Atakora da garin Natitingu, da magangarar ruwa ta Kota da ta Tanugu inda mutum ke sauka da ƙafa cikin inuwar itatuwa, da gidajen benen ƙasa na mutanen Batammariba, waɗanda suka gina kowane gida tamkar ƙaramar ganuwa, dabbobi a ƙasa, rumbu da ɗakin kwana a sama. Su ma tsoron mahaya dawaki ne ya koya musu wannan gini.

Sai dai wajibi ne a faɗa, arewacin ƙasar ba kamar da yake ba. Gandun dajin Panjari da na W, waɗanda suka ƙunshi giwaye da zakuna da ɓauna, kuma suka haɗe da na Nijar da Burkina Faso, sun zama maɓoyar 'yan bindiga tun daga 2019, shekarar da aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Panjari aka kashe mai yi musu jagora. Matafiyin yau, kamar madugun jiya a bakin Borgu, sai ya tambayi labarin gaba kafin ya ɗaura kaya. In hanya ta yi kyau, sai ya komo ta Jugu ya nufi Faraku, daga nan zai iya ratsewa gabas zuwa Nikki, inda ake bikin Gani a watan Mauludi, dawaki su yi sukuwa, a busa kakaki a gaban sarki yadda kunnen Bahaushe ba zai ji baƙon abu ba. Sa'an nan ya komo ya bi ta Bembereke zuwa Kandi, cikin gonakin auduga, yana sayen cukun Fulani mai jan baya da ake kira wagashi a bakin titi. Daga Kandi kaɗanya za ta fara raguwa, kuka da gawo su dawo, a Alfakwara giwaye kan zo shan ruwa da rani, iska ta bushe, rigunan mutane su ƙara faɗi, har ya hangi giginyun bakin Kwara.

A nan kuwa zai tarar da wani babin da ba a gama rubutawa ba. Bayan juyin mulkin da soja suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci da kayansu a kai. Da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024 Binin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe, kayan Yamai da Maraɗi suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, masu saukar da baƙi a Zongo suka ji a jikinsu. A lokacin ma mutane ba su daina ƙetarewa ba: bas kan sauke fasinja a Malanbil, su ɗauki kayansu zuwa bakin ruwa, a yi cinikin kuɗin fito da masu kwalekwale, a tsallaka zuwa Gaya, inda wata motar ke jira ta kai su Doso.